Makokin da na yi a tafe

Ina ɗakin canja kaya na asibiti, na cire takunkumi ɗaya zan sa wani, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Yayana ne. A gidanmu ba a kiran mutum da ƙarfe biyun dare don a tambayi lafiyarsa, saboda haka tun kafin in ɗauka na jingina da bango. Ya ce, "Sai haƙuri. Mama ta riga mu." Na ce, "To." Na sake cewa, "To." Daga nan na wanke hannu, na sa sabon takunkumi, na koma wurin marasa lafiya, domin mu biyu ne kaɗai a kan aiki a daren. Watan Yunin 2020 ke nan, a wani gari na arewacin Ingila, ana cikin annobar korona.

Tun watan Maris Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga masu shigowa daga waje, ba a buɗe ba sai Satumba. Ta waya na kalli jana'izar uwata, hoton yana tsayawa yana tafiya, ina zaune a bakin gado da kayan aikina a jiki. Ko ramin ban gani sosai ba. Abin da na fi gani shi ne ƙafafun mutane, don ƙanwata da ke riƙe da wayar kuka take yi, hannunta ya sauka ƙasa.

A Wusasa aka haife ni, unguwar da 'yan mishan suka koma daga Birnin Zazzau a 1929, inda tsohuwar majami'ar ƙasa take har yau. Babanmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu ina aji uku na firamare, ya bar mu mu biyar. Da ƙosai da kunu Mama ta rene mu. Ranar da za ta sayo wake a kasuwar Sabon Gari, a ƙasa take zuwa, ta ce kuɗin mota ya ishi wani alli da littafi. Duga-duganta duk faso ne, ni ce mai shafa mata man kaɗanya da dare. Idan an yi rasuwa, ko a Tudun Wada ko a Samaru, ko wajen danginta Musulmi da ke cikin birni, sai ta ɗaura zanen Zumuntar Mata ko ta yafa mayafi ta kama hanya. In muka ce ta aika da saƙo mana, sai ta ce, "Zumunta a ƙafa take."

Buri ɗaya na san tana da shi wanda ba namu ba ne: ta ga Urushalima. Ƙawayenta biyu sun je sun dawo ana rubuta musu JP a bayan suna, laƙabin wanda ya ziyarci Urushalima, suna ba da labarin Kogin Urdun da Baitalami, ita kuwa tana sauraro kamar yarinya a dandali. Da na sami aikin jinya a Ingila a 2017, a filin jirgi na riƙe hannunta na ce, "Mama, ni zan kai ki. Badi." Badi ta zo, na ce bari in gama biyan bashin tafiya. Wata ta zo, na ce bari a yi wa ginin da nake yi mata rufi. A Kirsimetin 2019 ta ce mini a waya, tana dariya, "Wannan badi taki, a jaki take tahowa?" Na yi dariya ni ma. Watanni shida bayan haka hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida, kwana uku ta cika.

Na aika da kuɗin akwati, da na abincin masu zaman makoki, da na rumfa da kujeru. Bayan kwana bakwai Yaya ya kira, muna cikin lissafi, na tambaye shi ko kuɗin sun isa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kuɗinki kullum suna isowa. Ke ce dai ba kya isowa." Na kashe wayar. Shekara biyu cur ba mu ƙara magana ba sai ta bakin ƙannenmu.

Abin da ya biyo baya yana da wuyar faɗi, don babu abin da ya faru. Ban yi kuka ba. Ban kwanta ciwo ba. Duk aikin dare da wani ya ƙi, ni nake karɓa. Abokan aiki sun ba ni kati mai hoton fure, kowa ya sa hannu, shi ke nan an wuce wurin. Ba na zarginsu, mutane suna ta mutuwa a hannunmu a lokacin, kuma haka al'adarsu take, ba sa son su taɓa maka miki. Amma ni 'yar inda ake shimfiɗa tabarma ce, a zauna kwana da kwanaki, kowa ya shigo ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" ka amsa har muryarka ta dushe. Ban sami ko ɗaya ba, kuma a raina na yanke cewa ban cancanta ba. Wadda ba ta zo ba, wa zai zo mata? Na daina waƙa a coci, daga baya na daina zuwa. In na durƙusa zan yi addu'a, sai in ji kamar ina magana cikin tulu. Da aka buɗe hanya ma ban je gida ba. Kullum da dalilina, kuma duk dalilan ƙarya ne. Kabarin nake tsoro, da idon Yaya.

Wata abokiyar aikina, 'yar Filifin, Katolika, ita ce ta zo mini da zancen tafiyar a tsakiyar 2022. Sun biya wa wani kamfanin shirya ziyara su biyu, ɗayar ta fasa. Ta ce za a yi kwana shida ana tafiya a ƙasa a arewa maso yammacin Sifaniya, zuwa birnin Santiago, inda ake cewa kabarin Manzo Yakubu yake. Na ce mata ni Angalikan ce, ba ma bin ƙasusuwan tsarkaka. Ta ce, "Ba na ce ki bi ƙashi ba. Na ce ki ɗauki hutu, kin zama kamar fatalwa." Abin da ya sa na yarda ba na ibada ba ne ko kaɗan. An matsa mini in cinye kwanakin hutuna kafin su ƙone, kuma in na ce zan yi tafiya Sifaniya, na sami abin faɗa wa ƙannena in sun tambayi dalilin da ban zo gida ba. Sai da na nemi biza, don zama a Ingila ba ya buɗe wa mai fasfon Najeriya ƙofar Turai.

Mu goma sha huɗu ne. Daga filin jirgin Santiago mota ta kai mu wani gari da ake kira Sarria, tafiyar kamar awa biyu, wato aka kai mu nesa don mu dawo a ƙasa. Jagorarmu 'yar yankin ce, Galisiya, mace gajera mai saurin magana. A daren farko ta zaunar da mu ta ba mu tarihi. Yakubu ɗan Zabadi ne, ɗan'uwan Yohanna, wanda Sarki Hirudus ya sa aka kashe da takobi, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 12. Wannan na sani tun makarantar Lahadi. Sauran kuwa, cewa almajiransa sun ɗauko gawarsa a jirgin ruwa har Sifaniya, kuma a ƙarni na 9, zamanin Sarki Alfonso na Biyu, aka gano kabarin, ta ce labarin gado ne, kowa ya ɗauka yadda zuciyarsa ta ba shi. Abin da babu musu a kansa shi ne fiye da shekara dubu mutane suna takawa zuwa wurin. An fara gina babbar majami'ar a 1075, aka keɓe ta a 1211. Hanyar da za mu bi ita ce wutsiyar wadda ta taso daga iyakar Faransa, mai tsawon kusan kilomita 780. Namu rabon kilomita 115 ne, don a lokacin mai tafiya a ƙasa da yake son takardar shaidar ziyara dole ya taka aƙalla kilomita 100 na ƙarshe da ƙafarsa.

Ta raba mana abu biyu: ɓawon wani koɗin teku mai kama da ƙaramin mafici, wanda ake ratayawa a jaka, shi ne alamar mai ziyara tun da, sai wani kati mai ninki da za a riƙa buga mana hatimi a kai, sau biyu kowace rana, a coci ko masauki ko shagon shayi. Ta ce ba a ɓata, a bi kibiya mai ruwan ɗorawa kawai. Wani limamin coci na ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, shi ya fara bin hanyar da fenti yana zana kibiyoyin a shekarun 1980, lokacin da hanyar ta kusa mutuwa.

Da safe na gane irin masu ziyarar da muke. Manyan jakunkunanmu mota ce take kai su masauki na gaba, ɗakunanmu an kama, abincin dare yana jira. A hanya kuwa ga waɗanda suka taso tun daga Faransa, wata guda suna tafe, fuska ta ƙone, kaya a baya kamar 'yan gudun hijira. Wasunsu suna yi mana kallon 'yan gata, har suna da sunan ba'a da suke kiran irinmu, mai nufin rabi ɗan yawon buɗe ido rabi mai ibada. Abin ya sosa mini rai fiye da kima. Ni da uwata ta taka Wusasa zuwa Sabon Gari da buhun wake, a ce ana ɗaukar mini jaka? Sai na ɗaura aniyar nuna musu. Na wuce kowa a ƙungiyarmu, ban tsaya shan shayi ba sai don hatimi, duk wanda ya ce mini "Buen Camino", gaisuwar hanyar ke nan, in amsa ba tare da na dube shi ba.

Ƙasar ce ta fara karya mini gudu. Na zaci Turai zan gani, sai ga ƙauyuka masu warin kashin shanu, tsofaffin mata da ɗankwali suna kora garke a tsakiyar hanya, kaji suna tono, karnuka kwance a ƙofar gida. Kowane gida da rumbunsa, dogo siriri, an ɗora shi a kan duwatsu masu faɗin kai don kada ɓera ya hau, masara a ciki. Na tsaya a gaban ɗaya na daɗe. Dabarar rumbun kakata ce sak, sai dai nasu na dutse da katako ne, da ɗan gicciye a ƙololuwa. Na ɗaga waya zan ɗauka, a raina ina cewa bari in tura wa Mama ta sha mamaki. Sai da na buɗe wayar na tuna. Na mayar da ita aljihu, na ƙara sauri.

Da yamma muka haye doguwar gada a kan Kogin Miño muka shiga Portomarín, bayan kilomita 22. A farkon shekarun 1960 aka yi dam a kogin, ruwa ya cinye tsohon garin. Kafin ya cinye, mutanen suka kwance cocinsu dutse bayan dutse, suka rubuta wa kowane lamba, suka sake gina shi a kan tudu. Har yanzu ana ganin lambobin a jikin bango. Shekarar an yi fari, ruwan ya ja, kangayen tsohon garin da tsohuwar gada sun fito fili a cikin laka. Jagora ta ce akwai tsofaffin da in ruwa ya ja haka sukan sauka su tsaya a inda ɗakin uwarsu yake. Ban ci abincin dare ba ranar.

Kwana na biyu shi ne mai tsawo, kilomita 25 zuwa Palas de Rei, yawancinsa hawa, ga ruwan sama tun asuba. Takalmina sabo ne, wautar da duk wanda ya san hanya zai hana ka. Tun jiya bororo ya fito mini a dugadugan hagu da ƙarƙashin yatsu, na rufe da filasta na yi shiru. Ni nas ce, na san abin da ya kamata in yi, na kuma san ba na yi. Wajen azahar bororon ya fashe, safa ta jiƙe da ruwa da jini. Ɗaya bayan ɗaya waɗanda na wuce jiya suka wuce ni. Motarmu tana jira a wata mahaɗa, jagora ta ce in shiga, babu abin kunya, sai dai ta gaya mini gaskiya, wanda ya hau mota a wannan yanki bai cika sharaɗin takarda ba. Na ce lafiyata ƙalau. Ta dubi ƙafata, ta dube ni, ba ta ce komai ba.

Akwai wani dattijo ɗan Ayalan a cikinmu, ya haura saba'in, kullum shi ne na ƙarshe, da sandarsa da hular ulu. Shi ya tarar da ni zaune a kan katangar dutse a bakin wata gona, na kasa tashi. Bai tambaye ni ko lafiya ba. Ya ajiye sanda, ya durƙusa a cikin taɓo da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ce, "'Yata, miƙo ƙafar." Na ce a'a Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce, zan iya. Ya ce, "Na sani. Miƙo." A tarbiyyar da aka yi mini, dattijo ba ya durƙusa wa yarinya, balle ya taɓa mata ƙafa. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Amma ya riga ya kwance igiyar takalmin. Ya wanke wurin da ruwan gorarsa, ya shafa magani, ya naɗe, ya ciro busasshiyar safa daga jakarsa ya sa mini. Hannunsa yana rawa, naɗin ma bai yi kyau ba, da ɗalibata ce da na sa ta sake.

Yana ɗaure igiyar ne ya ce, shi matarsa yake yi wa tafiyar, sun shirya zuwa tare a 2020, ba ta kai ba. Sannan ya ce, "Ke fa, wa kike yi wa?" Na buɗe baki zan ce hutu kawai na zo. Abin da ya fito shi ne, "Uwata ta mutu ban je ba." Da Hausa na faɗa, sai da na maimaita masa da Turanci. Dattijon nan ya miƙe a hankali, ya cire hularsa a cikin ruwan sama, ya riƙe ta a ƙirji, ya ce yana yi mini ta'aziyya. Ya tambayi sunanta. Shekara biyu da wata uku babu wanda ya tambaye ni sunanta. Na faɗa, ya maimaita, bai iya ba, ya sake har ya iya.

Kukan da na yi a kan katangar nan ban san ina da irinsa ba. Irin na ƙauye ne, mai kururuwa, da majina, da kiran "Wayyo Mama." Shanun gonar suka ɗago kai. Masu wucewa suka riƙa ragewa da sauri, wata ta ajiye mini lemo a gefe ta wuce. Shi kuwa yana tsaye da hula a hannu, bai ce in yi shiru ba. Da na lafa muka tashi, ya ba ni sandarsa, muka shiga gari ana kiran abincin dare.

A teburin ne na ba su labarin yadda ake yi a wajenmu: tabarma, da kwanakin zama, da maƙwabta masu kawo abinci don ba a hura wuta a gidan rasuwa, da gaisuwar da kowa yake yi. Abokiyar aikina ta ce in koya mata kalmar. Na koya mata. Da na hau ɗaki na yi wanka, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce. Ta shigo, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Ya haƙuri?" da harshenta mai karkacewa. Tana fita wata ta shigo. Haka suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, su goma sha uku har da jagora ta sha huɗu, wani ya ce "ya akuri", wani ya manta gaba ɗaya ya riƙe hannuna kawai. Ina amsawa, "Da godiya. Na gode." Dariya tana zuwa mini, kuka yana zuwa. A wani ɗan otal a Palas de Rei aka yi mini zaman makokin uwata, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin sunan Zariya kafin makon.

Daga ranar na koma bayan layi, ni da dattijon. Sauran kwanakin gajeru ne, an raba mana zango ɗaya gida biyu. A Melide aka kawo mana abincin da garin ya yi suna a kai, wata dabbar teku mai hannuwa takwas, an yanka a kan akushin katako da mai da barkono. Na ɗanɗana don kada a ce, na nemi burodi. Tsakanin Melide da Arzúa muka bi ta Castañeda, inda jagora ta ce a zamanin da ake ginin majami'ar, masu ziyara kan ɗauko farin dutse tun daga Triacastela su kawo nan a ƙona a yi farar ƙasa. Ko yanzu mutane suna ɗaukar dutse, amma a kan ginshiƙan da ke nuna sauran kilomita suke ajiyewa, tare da hotunan mamata da 'yan wasiƙu a cikin leda. Da farko na ɗauka shirme ne. Daga baya na riƙa tsayawa ina duba fuskokin.

A cikin dazukan itatuwan turare na wajen Arzúa na fara magana da Allah, kuma ba magana mai daɗi ba ce. Na tambaye shi me wata uku za su rage masa, da ya bari an buɗe hanya. Na faɗi abubuwan da ba zan rubuta ba. Da na gaji da shi na juyo kan kaina, a nan ne na faɗi abin da nake ɓoyewa: ba korona ce ta hana ni kai ta Urushalima ba. Ina da kuɗin tun 2018. Gini na zaɓa, don gini ana gani, a ce 'yar wance ta yi wa uwarta gida. Ita kuwa ba ta taɓa roƙona gida ba. Ban ji wata murya ta amsa mini ba. Sai dai da na gama, na tarar ina rera Zabura 121 da muryar da 'yan Zumuntar Mata suke rera ta, ina buga sandar dattijo a ƙasa a madadin tulu.

Na tuna kuma da labarin da wani kawuna na cikin birni yake ba mu, na kakan Mama da ya tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, yana tsayawa yana noma ya sami guzuri, bai dawo ba sai bayan shekaru, wasu abokan tafiyarsa ma can Sudan suka zauna. Muna yara muna jin sa kamar tatsuniya. Kwana huɗu kawai na yi, da mota tana ɗaukar mini kaya, amma na fara fahimtar abin da ya sa wanda ya taka ba ya iya ba da labarin yadda za a gane.

A O Pedrouzo, daren ƙarshe, na yi wa Yaya saƙon murya. Sau biyar ina gogewa. Wanda na tura gajere ne: "Yaya, ina wuni. Abin da ka faɗa gaskiya ne. Ban zo ba. Ka yafe mini. Ya haƙurinmu?" Na ga alamar ya saurara. Bai amsa ba.

Kilomita 20 na ƙarshe sun bi ta gefen filin jirgin da muka sauka, abin dariya, sannan Lavacolla, rafin da masu ziyarar da suke wanka kafin su shiga birni, sannan tudun Monte do Gozo inda ake fara hango hasumiyoyin majami'ar. Shigar birnin kanta ba ta da wani armashi, titi ne da motoci da shaguna. Amma da muka bi ta ƙarƙashin wani baka inda mai busa yake tsaye, muka faɗa babban filin, sai ga mutane kwance a kan duwatsu, wasu suna rungumar juna, wasu suna kuka, wasu sun cire takalma sun zuba wa ginin ido. A saman ginin da ke fuskantar majami'ar akwai siffar Yakubu a kan doki da takobi, ragowar zamanin yaƙe-yaƙen Kirista da Musulmi a ƙasar. Ban ji daɗin ganinta ba. Mutumin da takobi ya kashe, an ba shi takobi, ni kuwa rabin dangina masu salla ne. Na fi son siffarsa ta jikin majami'ar, mai sanda da hula irin ta matafiyi.

A ofishin masu ziyara aka duba hatimaina, aka rubuta mini takarda da Latin. Shekarar mutum fiye da 430,000 suka karɓe ta. Dattijon ne ya gaya mini ana iya roƙo a ƙara sunan wanda ka yi tafiyar a madadinsa, mamaci ko marar lafiya. Na tsaya ina jayayya da kaina. A koyarwar da na tashi da ita, tafiyata ba za ta ƙara wa Mama komai a wurin Allah ba, kuma har yau haka na gaskata. Amma na ba da sunan. Matar ta rubuta shi harafi bayan harafi ina faɗa mata. Ba JP ba ce, ba Urushalima ba ce, na sani.

Shekara mai tsarki ce, wadda ake yi duk lokacin da 25 ga Yuli, ranar tunawa da Manzo Yakubu, ta faɗo ranar Lahadi. Ta 2021 ce aka tsawaita har ƙarshen 2022 saboda annobar, don haka ƙofar da ake buɗewa a irin shekarar kaɗai tana buɗe, ta nan muka shiga. Al'ada ce a hau bayan bagade a rungumi siffar manzon, amma a lokacin an hana, tun zuwan korona. Abokiyata ta ji haushi. Ni ban damu ba, ba shi nake son runguma ba. A sujadar tsakar rana aka karanto ƙasashen waɗanda suka iso, cikin jerin na ji an ce Najeriya, daga Sarria. A ƙarshe maza takwas suka ja igiya, wani ƙaton kaskon turare mai nauyin fiye da kilo 50 ya riƙa lilo daga wannan gefe zuwa wancan har kusa da rufi, hayaƙi ya cika wurin. An ce a da har da kashe warin matafiya yake yi. Na sunkuya na shinshina rigata, na yarda.

Muna fitowa na kunna waya. Saƙon Yaya ne, daƙiƙa tara. Ya ce, "Haƙuri da godiya. Ni ma na yi miki kaushi. Ki zo gida." A bayan muryarsa ina jin zakara da ƙarar injin niƙa.

Na je a Disambar shekarar. Ba zan ce komai ya warware ba. Har yanzu in waya ta yi ƙara da dare gabana yana faɗuwa, kuma gidan da na gina ban iya kwana a ciki ba, mun sa 'yan haya. Yaya ne ya raka ni kabarin da sassafe, muka cire ciyawa, ba mu yi wata magana mai yawa ba. Na nuna masa takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya gane sunan Mama a cikin Latin ɗin, ya ce in bar masa ita. Na bar masa.

Da muka dawo gida na tarar an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ƙanwata ce ta gaya wa 'yan Zumuntar Mata na iso. Suka riƙa shigowa da zanensu iri ɗaya, tsofaffin ƙawayen Mama, wata da sanda, wata jikarta tana riƙe da ita, sai ga matan kawunaina daga cikin birni da mayafansu. Na ce, "Iya, ai an daɗe, shekara biyu da rabi fa." Babbarsu ta ce, "Mun gaisa da kowa, ke ce ba mu gaisa da ke ba. Zauna." Na cire takalmi na zauna a inda Mama take zama in tana tsince wake. Ta durƙusa a gabana da ƙyar, ta ce, "Ya haƙuri?"